Me Ke Kashe Babur ɗin Kawu a Hanyar Tsafe?

Babur ɗin kawuna ba ya mutuwa a cikin gari, kuma wannan ne ya fi ɗaure wa kowa kai. Zai fito daga Sabon Gari da safe, ya leƙa Tudun Wada, ya biya ta Kantin Daji, ya wuni yana kai da kawo a Gusau, injin bai tsaya masa ko sau ɗaya ba. Amma ranar da ya ɗauki hanyar Tsafe, inda 'yarsa ke aure, kafin ya wuce dutsen Kwatarkwashi sai ƙarfin babur ya fara raguwa, ya fizga, ya yi tari, ya mutu murus. Ya gangara gefen titi, bayan 'yan mintoci ya buga kik, ya tashi garau, ya ɗan ci tafiya, ya sake mutuwa. Hanyar Bungudu kuwa, wajen gonarsa, ta fi rikitarwa: wata rana ya je ya dawo lafiya lau, wata rana ya tsaya masa a tsakiyar hanya.

Ga kuma harbi. Duk sa'ad da ya taho da ɗan gudu ya saki totur, sai salansa ta buga ƙara tau! A wani garin yara ne za su yi dariya a wuce wurin. A Zamfara ba haka ba ne. Na ga ranar da ta buga a bakin wani lungu a Sabon Gari: mai shayi ya saki kofi ya duƙa bayan tebur, wata mata ta figi ɗanta ta faɗa zauren da ba na gidansu ba. Kawu ya tsaya yana ba mutane haƙuri, fuskarsa duk kunya. Wanda kuma ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa a shekarun nan ya san tsayuwa da mataccen babur a gefenta ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya sa na sa baki ke nan.

Abu na uku shi ne shan mai. Man da ke kai shi kwana biyu a da ya koma da ƙyar yake wuni, kuma duk filogin da aka kwance, baƙi wuluk yake fitowa.

Babur ɗin ɗan China ne, ya daɗe a hannunsa, injinsa kuma na cikin dangin nan da aka kwaikwayo daga CG125 da kamfanin Honda ya fitar a 1975. Injiniyoyin Japan sun tsara wancan inji ne domin ƙasashe irin namu, inda ake lodi fiye da kima, ake kuma jinkirin juyen baƙin mai. Silinda ɗaya ce, bawul biyu da sanduna ke turawa, iska ke sanyaya shi. Ba shi da na'urar tura mai. Tanki na sama, kafireta na ƙasa, nauyin man ne kawai ke gangaro da shi ta cikin tiyo. Inji ne mai haƙuri, kuma babu ɓoyayyen abu a jikinsa. Duk da haka ya zaga rumfunan gyara, an canja filogi ba sau ɗaya ba, an sa sabon kwayil, an sa sabon akwatin CDI, an wanke kafireta, kuɗi sun tafi, ciwo na nan.

Ba na ɗora wa waɗancan makanikai laifin duka. A garin nan mun saba biyan kuɗin kayan da aka sa, ba ma biyan kuɗin tunani. In bakanike ya ɓata awa biyu yana bincike ya gano cewa noti ɗaya ne ya kwance, sai mai babur ya miƙa masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yana cewa ai ba abin da aka canja. In ya kwance kwayil ya sa sabo cikin minti goma, a biya shi ba musu. Mai iyali ne shi ma, ya san wanda ya fi masa. Shagunan kayan gyara kuma ga su jere a Sabon Gari, unguwar da ta bunƙasa tun zuwan jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920, lokacin cinikin gyaɗa da auduga. Kaya na zuwa daga Legas da Nnewi da Kano, canji ya fi bincike sauƙi.

Wani dattijon bakanike muka kai wa, wanda ya fara aikin tun zamanin babura masu haɗa mai da baƙin mai. Bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da kawu a benci.

"Malam, harbin nan ta baya shika yi, ko ta gaba?"

Kawu ya ce ai harbi harbi ne.

"A'a. In ka saki totur, ina kaka jin shi?"

"Ga salansa."

"In zai mutu bisa hanya fa?"

Kawu ya yi jim. "Wannan kam ƙarƙashina nika jin shi, nan wajen ƙafa. Ba ƙara ba ce sosai, atishawa ce."

"To, ba ciwo guda ba ne," in ji dattijon. "In ya mutu, mi kaka yi mai shi tashi?"

"Ba ni yin komi. Jira nika yi shi huce."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya sa yaronsa ya kwance filogi. Ya ɗaga shi a rana, ya shafa bakinsa da babban yatsa, baƙin ya fita a yatsan busasshe, gari-gari. Ya nuna mini. Da baƙin mai ne ke hawowa saboda ringi ya cinye, in ji shi, da jiƙe zai fito yana maiƙo, salansa kuma tana shuɗin hayaƙi. Wannan busasshen baƙi na fetur ne da ya yi yawa bai gama ƙonewa ba.

A nan ne matsalar ta fito fili. Inji iska ya fi sha, ba mai ba. A ma'aunin nauyi, kashi 14.7 na iska ake so ga kashi 1 na fetur kafin wuta ta cinye duka biyun. In mai ya rinjaya, filogi ya yi baƙi, inji ya yi nauyi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. In iska ta rinjaya, filogi ya yi fari fat, inji ya ɗau zafi, wutar ta riƙa ƙin kamawa. Haɗin da bai kama ba ya fice cikin salansa mai zafi ya fashe a can, ko kuma ya ci a hankali har bawul ɗin shiga ya buɗe yana kan ci, wutar ta koma baya ta kafireta. Wato filogi na cewa mai ya yi yawa, harbi da atishawa na cewa mai ya yi kaɗan. Inji ɗaya, silinda ɗaya, shaidu biyu sun saɓa.

Kawu tun farko mai yake zargi, kuma yana da hujja. Mutanen jihar nan sun sha wuyar mai iri-iri. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, samunsa ya zama aiki. A watan Fabrairu na 2022 kuma gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam ya lalata injinan mutane a sassan ƙasar nan. Wanda ya saba sayen kwalba a hannun 'yan bumburutu dole ya riƙa ɗar-ɗar. Yaron ya buɗe murfin tanki, ya aje 'yar yagaggiyar ledar da ke ƙarƙashinsa a kan benci, ya zare tiyo, ya tsiyaye man a farar kwalba. Aka aje ta a inuwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, in yana ciki ƙasa yake kwantawa a gan shi rabe. Abin da muka gani ɗan ɗigo ne da bai cika cokali ba, da garin tsatsa ja-ja. Dattijon ya ɗiga man a takarda, ya bushe bai bar tabon maiƙo ba, alamar ba a gauraya shi da kananzir ba. Ya ƙara da cewa yanzu da kananzir ya fi fetur tsada, wa ma zai yi wannan asarar. An wanke tanki, an wanke 'yar ragar famfon mai. Man ba shi da laifin da zai kashe babur.

Sai aka buɗe akwatin matacin iska. Soson ya zama tabo. Ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da baƙin man da wani ya jiƙa shi da shi fiye da kima, har sai da yaron ya sa sukudireba ya ɓamɓaro shi. Iska ba ta samun hanya, saboda haka duk lokacin da fistin ya zuƙa, mai ya fi janyowa. Ga tushen baƙin filogi guda ɗaya. Aka wanke soso, aka shanya, aka ɗan shafa masa mai aka matse sosai, aka mayar.

Da aka tayar, harbin ya ƙaru. Kawu ya dubi dattijon, ni ma na dube shi. Shi kuwa ransa ya yi fari.

"Madalla. Yanzu shina faɗin gaskiya."

Ya murɗa totur ya saki. Maimakon ƙarar injin ta sauko nan take, sai ta rataye a sama na ɗan lokaci, sannan ta faɗo har inji na neman mutuwa. Ya sake yi, haka. Ya duƙa ya sa ido a kan robar da ta haɗa kafireta da kan inji. A ido lafiyarta ƙalau. Ya kama kafiretar ya ɗan tura ta gefe, sai ga wata siririyar tsaga ta buɗe baki a ƙasan robar, inda ido ba ya kaiwa. Ya lakato giris ya shafe wurin inji na aiki. Nan take ƙarar ta sauya, ta kwanta, ta daidaita. Ya goge giris ɗin, ta koma rawa. Wasu da fetur suke wannan gwaji, su yayyafa a wurin su saurara, amma shi ya ce bai yarda da fetur kusa da inji mai zafi da wayar wuta ba, ya ga rumfar da ta ƙone a kan haka.

Yanzu saɓanin shaidu ya warware, domin kowanne gaskiya ya faɗa, lokacinsu ne daban. Kafireta hanyoyi uku take ba da mai. In totur na rufe ko an ɗan taɓa shi, ƙaramin jet ne ke aiki. Daga wajen kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce ke mulki. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Lokacin da kawu ke tafiya totur a buɗe, toshewar soso ce ke rinjaye, mai ya yi yawa, filogi ya yi baƙi. Da ya saki totur, ƙofar kafireta ta rufe, inji na ci gaba da zuƙa da ƙarfi, sai ya janyo iska ta tsagar robar, iskar da ba ta bi ta kan mai ba. Haɗi ya tsinke, wuta ta ƙi kamawa, salansa ta harba.

Da aka kwance kafiretar sai muka ga sawun waɗanda suka riga mu. Allurar na da tsaga biyar da ake maƙala 'yar maƙalarta. An mai da ita tsagar ƙasa ta ƙarshe, wato an ɗaga allurar iyakar ɗagawa don mai ya ƙaru. Sukurun ƙaramin jet, wanda a irin wannan kafireta juyi biyu ko kusa da haka yake so, an kwance shi ya kai ninkin hakan. Kowane bakanike ya ji labarin mutuwa a hanya, ya ce mai ne ba ya isa, ya ƙara buɗe masa. Ba su yi kuskuren cewa mai ba ya isa ba. Inda suka nemi maganin ne ba nan ba. Dattijon ya mai da maƙalar tsagar tsakiya, ya hura jet-jet ɗin da iska, ya hana yaron tsokana su da waya don kada ramin ya faɗaɗa. Ya sa siririn farin tiyo irin na ƙarin ruwa a bututun tsiyayar kwanon kafireta, ya lanƙwaso shi sama, ya buɗe sukurun. Man ya hau ya tsaya daidai wajen haɗin kwanon da jikin kafiretar. Fulot ɗin da ke daidaita man kwanon lafiya lau. Aka sayo sabuwar roba. Aka duba wuyan salansa, aka ga baƙin hayaƙi ya zana gefe guda, gaskit ɗin ya cinye, nan ma iska na shiga tana rura harbin. Aka canja shi. Da inji ya yi zafi, dattijon ya kama sukurun yana juyawa kaɗan-kaɗan, kunnensa a karkace, har ya sami inda ƙarar ta fi tsabta.

Harbi ya tafi daga ranar. Saura mutuwa.

Ya ce a bar babur ya kwana, bawul ba a auna shi da zafi. Washegari ya buɗe murfin kan inji, ya kawo fistin sama, ya zura ma'auninsa mai siraran ƙarafa. Littafin CG125 milimita 0.08 ya ba da tsakanin bawul da abin da ke danna shi, kauri ne da bai kai na takardar rubutu ba. Na shiga daidai yake. Na fita ya matse, ma'aunin ya ƙi shiga. Wannan babban abin zargi ne: ƙarfe na miƙewa da zafi, in babu wannan 'yar tazara bawul ba zai rufe ruf ba, matsi ya zube, inji ya mutu, ya huce ya tashi. Ya yi daidai da labarin kawu sarai. Aka saita shi, aka zuba lita biyu, yaron ya hau ya nufi Bungudu da gudu, ya je ya dawo, ko gezau. Kawu ya biya, ya sa albarka, muka watse muna murna.

Ran Juma'a ya kira ni daga gefen hanyar Tsafe. Babur ya mutu, a kusan inda ya saba.

Da muka koma, dattijon bai nuna jin haushi ba, bai kuma kare kansa ba. Ya zauna ya lissafa abin da ya rage. Abu uku ke kashe inji bayan tafiya ya kuma tashi bayan hutu: wuta, matsi, mai. Matsi an gyara, kuma kawu ya tabbatar da cewa kik ɗin da nauyinsa yake jin sa ko da babur ya mutu. Wuta kuwa, in kwayil ne zafi ke katse wa waya a ciki, ɗif inji ke ɗaukewa, ba ya jan rai, kuma sai ya huce sosai yake dawowa. Na kawu jan rai yake yi: ƙarfi ya ragu, ya fizga, ya yi atishawa ta kafireta, sannan ya mutu. Haka inji ke yi in kwanon kafireta na ƙafewa. To amma tanki a wanke, raga a wanke, fulot daidai. Ina man ke tsayawa? Me ya sa kuma yaron ya je Bungudu lafiya, kawu bai kai Tsafe ba?

"Malam, ranar da kat tahi, mai nawa kas sha?"

"Cika shi niy yi. Wa ka shiga wagga hanya da rabin tanki?"

"Cikin gari fa?"

"Lita guda, in ta yi yawa biyu. Ka san yadda mai yak koma."

Kowa ya sani. Daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta zarce 1,000. Masu babura da yawa sun manta rabon da su ga tankinsu a cike. Gona kuwa, kawu ya tuna, wata rana da ɗan man da ke ciki yake zuwa, wata rana ya cika in zai wuce gaba. Ranakun cikawar ne babur ke tsaya masa.

Dattijon ya ce kawu ya je ya cika tanki kamar yadda ya saba, ya goya yaron su kama hanyar Bungudu. Ya ba yaron sifanar filogi da sukudireba, ya ja masa kunne: in ya mutu, kada Malam ya taɓa komai, a fara duba wuta, sannan kwanon kafireta, sannan tiyo, a jere, kada a tsallake.

Ga abin da yaron ya dawo da shi. Sun bar gari da 'yar tazara sai babur ya fara jan rai. Ya ce kawu ya ja cok, inji ya ɗan farfaɗo, sannan ya mutu. Ya kwance filogi da zafinsa, ya jingina shi da jikin inji, kawu ya buga kik: wuta shuɗiya, tas-tas. Kwayil da CDI sun fita daga zargi. Ya kwance sukurun kwanon kafireta, ɗigo kaɗan ya fito, shi ke nan. Ya zare tiyo daga famfon mai, famfo a buɗe, tanki a cike, amma mai ɗis-ɗis yake zuwa. Yana tsugune yana mamaki, sai kawu ya ce bari dai ya duba ko man ne ya zube, ya sa makulli ya buɗe murfin tanki. Yaron ya ji wani ɗan sauti, fuuu, na iska tana shiga, nan take mai ya tsinke daga famfon ya wanke masa hannu. Ya ɗaga kai, ga kawu riƙe da murfi a hannu ɗaya, sabuwar baƙar leda ninki biyu a ɗaya hannun.

"Oga, leda ce!" Tun daga bakin titi yake faɗi.

Dattijon ya juya ga kawu. "Malam, ka ce ba ka yin komi in ya mutu."

"Wallahi ba ni yin komi. Tanki kawai nika buɗewa in ga ko da mai."

"Kullum?"

"Awo, kullum. Wa babur zai mace mai bai duba mai ba?"

Bai yi ƙarya ba. Abin ya zame masa jiki har bai ɗauke shi aiki ba, kuma shi ne maganin da yake ba babur ɗin bai sani ba. Ba hucewa ke tayar da shi ba, buɗe murfin ne.

Duk matar da ta taɓa fasa gwangwanin madarar ruwa ta san huda biyu ake yi masa; in ɗaya aka yi, madarar ta ɗan zubo ta tsaya, sai iska ta sami ta inda za ta shiga ta maye gurbin abin da ya fita. A jikin murfin tankin babur akwai ɗan rami da aka yi domin wannan. In aka toshe shi, mai na fita ta ƙasa, iska ba ta shiga ta sama, iskar da ke ciki ta yi sako-sako, ta fara riƙe man. Tunda babu na'urar turawa, nauyin mai ne kaɗai ke aiki, ɗan riƙo kaɗan ya isa ya tsai da shi. In tanki a cike yake, gurbin iskar ɗan ƙarami ne, riƙon ya zo da wuri. A kan babbar hanya kuma inji ya fi shan mai, ya zarce abin da 'yar iskar da ke satar shiga ta gefen leda za ta iya mayewa. A cikin gari da lita guda, tanki duk iska ne, tafiya a hankali, tsayawa nan da can, ledar ma ta tsufa ta yage. Ranar tafiya ce kawu ke ninka sabuwa ya danna murfi a kanta. Ranar da yaron ya gwada hanyar Bungudu kuwa, lita biyu ce a ciki, tsohuwar ledar tana kan benci, an manta ba a mayar ba.

Dalilin ledar ma ya fito. Robar bakin murfin ta bushe ta tsattsage, in tanki ya cika aka faɗa rami sai mai ya riƙa tsattsafowa yana ɓata masa riga. Mutumin da ya sayi lita sama da naira dubu ba zai iya kallon ta tana bin jikin tanki ba. Ba na ganin wautarsa ko kaɗan. Dubi baburan da ke layi a gidan mai, ka ƙirga masu gefen leda a leƙe ƙarƙashin murfi. Dukanmu mun ga ledar nan tun ranar farko, ni da dattijon da yaron, ba wanda ya sa ta a lissafi, saboda ido ya saba da ita.

Dattijon bai yarda a tsaya a labari ba, sai da ya nuna. Ya mai da ledar ninki biyu, ya rufe murfi, ya sa bakin tiyo a farar kwalba, ya buɗe famfo. Mai ya zubo da ƙarfi, ya rage, ya koma ɗigo, ya kusa tsayawa. Ya ce kawu ya kara kunne, ya murɗa makulli. Fuuu. Mai ya dawo. 'Yan kabu-kabun da ke jiran gyara suka taso suna kallo, aka maimaita musu, biyu daga cikinsu suka je suka buɗe nasu tankunan ba wanda ya ce su yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin asarar. Ledar da aka sa don tsimin 'yan ɗigo ita ta jawo mutuwar hanya. Mutuwar hanya ta sa aka ɗaga allura aka kwance sukuru. Wannan ya sa babur ya wuni yana ƙona man da ya ninka abin da ake tsimi, wata da watanni, ban da kuɗin kwayil da CDI da aka cire suna da lafiyarsu. Sabon murfin tanki bai kai kuɗin ɗaya daga cikinsu ba. Dattijon ya sa yaron ya sayo, ya kai bakinsa ya hura ta ramin ya ji iska na wucewa, sannan ya yarda a ɗaura. Kawu ya biya shi kuɗin kwanakin da ya ɓata yana bincike daban da kuɗin kaya, kuma hakan ne daidai.

Babur na zuwa Tsafe da cikakken tanki yanzu, yana dawowa. Da aka kwance filogi bayan 'yan makonni, ruwan ƙasa-ƙasa ya fito, a bushe.

Kai mai babur, in naka ya ja rai ya mutu a hanya alhali ka san da mai a ciki, kafin ka taɓa komai kara kunnenka a murfin tanki sannan ka buɗe. In ka ji iska ta shiga, kada ka bari a taɓa maka kafireta, murfi za ka saya. In kuma akwai leda a ƙarƙashinsa yanzu haka, don Allah cire ta kafin ka kama hanya.